Rabon Gwana

Ranar Talata, ƙarfe goma na safe, wayata ta yi ƙara sau biyu, kuma daga wannan sa'ar na zama ɓarawo a cikin gidana.

Ina zaune a falo da takardun gyara a cinya. Matata tana lungun taga a kan kekenta na ɗinki, ta ciji allura biyu a leɓe, tana taka wani shuɗin siket na 'yan makaranta. Saƙon farko ya ce: *An zuba maka ɗigo 5,500.* Na biyu ya ce: *An ƙara maka ɗigo 500, rabon layin da ya ƙare da 41.* Layin da ya ƙare da 41 nata ne.

Ta zare alluran daga baki.

"Malam, na ji wayarka tana kuka. Rabona ya shigo?"

Na kife wayar a kan takarda.

"Bai shigo ba tukuna."

"To, Allah ya kawo shi," ta ce, ta mayar da ƙafa kan keke.

Masu karatu, na san irin kayan da kuka saba saye a wannan shafin: budurwa mai hawaye, saurayi mai ladabi, da wani uba mai taurin kai da ya tokare ƙofa. Duk suna nan, ba a rage muku ko ɗaya ba. Sai dai yau uban ne ya riƙe alƙalami, kuma ban zo roƙon ku nemo masa uzuri ba.

Shekara talatin da biyu na yi ina gyaran rubutu a maɗaba'a. Aikina in kama harafin da ya juye da waƙafin da ya ɓace kafin inji ya buga kuskure sau dubu. Shi ya sa unguwa ke ce min Malam Gyara. Matata kowa Tela yake ce mata, ni kaɗai nake kiranta Gwana, tun ranar da ta ɗinka min rigar farko ba tare da ta auna ni ba. 'Ya ɗaya Allah ya ba mu, muna ce mata Auta, don uwarta ta ce ita ce ta fari ita ce ta ƙarshe, ba sai an ɓata suna biyu ba.

Shi kuwa ɗigo, bari in gaya muku ko mene ne, kar ku ɗauka ruwa ake raba mana.

Shekara biyu da suka wuce kuɗin gwamnati ya yi ɓatan dabo a unguwarmu. Mai burodi yana da burodi, Gwana tana da zare, mai gyaran famfo yana da hannu biyu, amma babu takardar da za ta ratsa tsakaninsu. Sai wani saurayi mai shagon gyaran waya a ƙarƙashin matakalar benenmu, wanda ake kira Injiniya, ya kawo dabara: mu ƙirƙiri kuɗinmu a cikin waya, na unguwa kaɗai, mai burodi ya karɓa daga tela, tela ta karɓa daga mai famfo. Aka kafa kwamitin mutum biyar. Mai Katako, wanda ya fi kowa tumbi da murya, ya zama shugaba. Ni aka ɗora wa rubuta ƙa'idoji, tunda ni ne mai karatun. Har sunan kuɗin ni na raɗa.

Sabon kuɗi yana zuwa da wata tambaya da tsohon kuɗi ya daɗe da binnewa: ranar farko, kafin kowa ya yi gumi a kansa, wa za a ba, kuma nawa?

Mai Katako bai sha wahalar amsawa ba. Kowane ɗan kwamiti dubu biyar, ladan wahala. Sauran jama'a, ɗari biyar a kan kowane layin waya. Sai sharaɗi na bakwai, wanda ya raɗa min a kunne ni kuma na sa masa riga da wando: rabon kowane layi zai shiga asusun wanda aka yi rajistar layin da katinsa.

A takarda ba shi da aibi. Amma a unguwarmu yin rajistar layi wuni guda ne a tsaye cikin rana, don haka maigida ne ke zuwa ya yi wa kowa da katinsa, daga matarsa har tsohuwarsa. Mai Katako layi goma sha ɗaya ne a kan katinsa, har da na leburorinsa. Ni biyu ne, nawa da na Gwana. Na ga abin da sharaɗin zai haifa tun tawada ba ta bushe ba. Mutumin da ke hango waƙafin da ya ɓace daga nisan taku uku ba zai ce bai ga mata ɗari da talatin sun ɓace daga shafi ba.

A rumfar katako muka yi zaman ƙarshe, ƙamshin sabon itace yana shiga hanci. Injiniya ya ɗaga hannu kamar ɗan aji.

"Baba, wannan na bakwai ɗin. In na saka shi a na'ura haka, rabon iyayenmu mata aljihun maza zai faɗa."

Mai Katako ya dube ni. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na cire tabarau na goge a hankali, yadda nake yi in zan yanka mutum.

"Samari, ka taɓa karanta tarihin kuɗi? Tun ana ciniki da gishiri da wuri ba a taɓa yin kuɗin da ba shi da maƙera ba, kuma maƙeri ba ya kwana da yunwa. Mace da mijinta kuwa aljihunsu ɗaya. Kai dai ɗaura wayoyinka, ka bar mana rubutu."

Aka yi dariya. Ya sauke hannu ya ce, "To, Baba."

Gwana ba ta san da sharaɗi na bakwai ba, amma labarin dubu biyar ya riga ni zuwa gida. Da yammacin ranar ta ajiye min shayi, ta tsaya a kaina da awon tela rataye a wuya.

"Malam, tambaya ce, ba faɗa ba."

In ta fara da haka, faɗa ne.

"Kuɗin nan jiya babu shi, ko?"

"Babu."

"Ba wanda ya noma shi, ba wanda ya ɗinka shi."

"Tunani ne ya haife shi."

"To tunda daga sama ya sauko kamar ruwa, me ya sa rufinku ya tari dubu biyar, na mai wanki ya tari ɗari biyar?"

"Wanda ya dasa bishiya shi ke fara shan inuwa."

"Wace bishiya? Shafi uku ka rubuta, ni na dafa shayin da ka rubuta su da shi. Sai na taka keken nan wata uku kafin in ga dubu biyar. Ranar da ka miƙo min ɗigonka in ɗinka maka riga, kai iska ka ba ni, ni ƙafata na ba ka."

Na ce mata tattalin arziki ba ɗinkin siket ba ne. Ta ce gaskiya ne, shi siket in ya karkace kowa yana gani.

Yanzu sai maganar kabad.

Akwai wani kabad a rumfar Mai Katako, baƙin katako, ƙofofin gilashi biyu, da ɗan makulli na tagulla. Shekara uku ina wucewa ina gaishe shi da ido, littattafaina kuwa suna cikin kwalaye a ƙarƙashin gado, kyankyasai suna karatu kyauta. Kuɗinsa ɗigo dubu shida cif. Nawa dubu biyar da ɗari biyar. Ku ƙarasa lissafin da kanku, ni na gama shi a cikin daƙiƙar da na kife wayar.

Ita kuma Gwana abin da ta sa wa rai wani ɗan inji ne da ake ɗaura wa keke ya yi gudu da lantarki, don ƙafafunta sun fara kumbura in yamma ta yi. Ɗari huɗu da tamanin a wurin mai gyaran kekuna. Ta je ta gani, ta taya, ta ce a ajiye mata.

Ranar Alhamis ƙarti huɗu suka hauro da kabad suna nishi. Gwana ta zagaya shi, ta shafa gefensa da tafin hannu yadda take shafa yadi mai tsada.

"Dubu biyar ɗin ne ya zama wannan?"

"Shi ne."

"Ya yi kyau, Malam. Littattafanka sun samu gida."

Ta ɗauko wani jan ƙyalle daga ragowar ɗinki ta goge gilashin. Daga ranar, kowace Asabar sai ta goge shi, ta ninke ƙyallen ta ɗora a samansa.

Bayan mako biyu ina wurin aiki saƙo ya shigo daga Injiniya:

*Baba barka da rana. Mama ta zo shago tana tambayar rabonta. Na ce mata layinta tsoho ne na'ura ba ta gane shi ba. Don Allah a gyara kafin ta dawo. Ba na jin zan iya yi mata ƙarya sau biyu.*

Na amsa masa: *Na gani.*

Kalma biyu, daga mutumin da ya rubuta shafi uku. Na ce wa kaina in albashi ya zo zan sayo injin in ɗaura mata in ce kyauta ce. Ku lura da kalmar, kyauta. Ƙarshen wata ya zo da kuɗin haya, wanda ya biyo shi ya zo da nasa uzurin. Da matan unguwa suka gane inda rabonsu ya shiga, aka yi ta rigima gida-gida, wasu mazan suka mayar, wasu suka ce ai cefane ya cinye. Gidana kaɗai aka zauna lafiya, don mu namu na'ura ce ta cinye. Gwana ta daina tambaya. Auta ta raka ta ta buɗe asusu da katinta, ta shiga tara ɗigo da ƙafa, siket bayan siket, ɗan abin da cefane ya rage mata.

Wata bakwai bayan nan ta faɗi a gaban keken da hantsi, almakashi a hannunta. Likita ya ce zuciya ce, ba taka keke ba. Sau biyu na tambaye shi. A ta biyun sai kawai ya dube ni ta saman tabarau. A asusunta an tarar da ɗigo ɗari huɗu da goma.

Yau shekara guda da wata biyu ke nan.

Injiniya yana son Auta, Auta tana son Injiniya. Ban san yaushe aka fara ba, uba shi ne na ƙarshe da ake kai wa irin wannan shafin ya duba. Sau uku ya turo manyansa, sau uku na mayar da su da dalilai masu tsabta kamar sabon bugu: mai ƙera kuɗin iska ne, shagonsa ƙarƙashin matakala, karatunsa bai yi nisa ba. Dalilin gaskiya ɗaya ne. Duk duniya mutum ɗaya ne ya ga saƙo na biyu a allon na'urarsa, kuma ba zan iya zama ina kallonsa yana cin abinci a falona, kabad a bayansa, har ƙarshen rayuwata ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Auta tana aiki a kantin magani, ta iya shiru irin na masu auna ƙwayoyi. Kwana tara ba ta yi min magana da baki ba sai ta waya, alhali bango ɗaya ne tsakaninmu. *Baba abincinka yana kan tebur. Baba ka sha maganinka.* Ranar Lahadi da safe kuwa wannan ta turo:

*Baba laifi ɗaya kawai ka faɗa min. In gaskiya ne wallahi ni zan sallame shi da kaina.*

Ban amsa ba. Da azahar sai ga yayata. Shekararta saba'in, ta hauro hawa uku tana tsine wa wanda ya gina benen, cikin doguwar riga ruwan toka da farin mayafi, da wata tsohuwar jaka da take maƙalewa a hammata kamar za a ƙwace. Ta zauna a kujerar Gwana, wadda ba wanda ya isa ya zauna a kai sai ita.

"Kai, Sarkin Gyara, zo nan. 'Yata ta rame kamar tsinke. Me yaron nan ya yi maka?"

"Yaya, ba sa'anta ba ne."

"Kai sa'an uwarta ne? Ranar da ka je neman Tela takalmin ƙafarka na aro ne, ni na aro maka, kuma ya yi maka yawa."

"Zamani ya canza."

"Kai ne ba ka canza ba. Ruwa ba ya tsami banza. Na kira shi, yana hanya. Yau a gabansa za ka faɗi laifinsa, in ji da kunnena."

Bai fi minti goma ba ya ƙwanƙwasa. Farar riga mai dogon hannu, an yi mata guga har tana neman yanka, baƙin wando, yatsunsa duk tabon ƙunar dalma. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa ya gaishe da Yaya, ya gaishe ni. Bai ko kalli kabad ba. Wannan rashin kallon nasa shi ne abin da na fi tsana a jikinsa, don sai wanda ya san abin da ke wuri yake iya kauce masa da ido haka.

Auta ta fito cikin koriyar rigar da uwarta ta ɗinka mata ta ƙarshe, mai ƙananan maɓallai goma sha biyu a gaba. Ta jingina da bango ta harɗe hannu. Tsayuwar Gwana sak.

"To, ga shi ga ka," in ji Yaya. "Ɓarawo ne?"

"A'a."

"Mashayi?"

"A'a."

"Yana da wata a ɓoye?"

"Ban sani ba."

"Babu, Gwaggo," in ji shi, kansa a ƙasa.

"Ba kai na tambaya ba, ɗana, amma na gode. To mene ne?"

Na ce ba ya ganin girman manya. Asabar mai zuwa za a sake buga sabon ɗigo karo na biyu, kuma ya gaya wa kwamiti a fuskarsu cewa ba zai taɓa na'urar ba sai an soke sharaɗi na bakwai da ladan 'yan kwamiti, a raba daidai, kowane rai da rabonsa a hannunsa. Mai Katako har ya fara neman wanda zai maye gurbinsa.

"Wannan ai abin yabo ka faɗa," in ji Yaya. "Laifi na ce."

Auta ta ɗago. "Guda ɗaya, Baba."

Masu karatu, an ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Na duba ko'ina ban ga mafita ba, sai na kama haukan da ya fi kusa da hannuna.

"Na'urarsa ce ta cinye rabon uwarki," na ce. "Ta mutu tana taka keke da kumburarriyar ƙafa saboda sakacinsa. Shi kike so in kira suruki?"

Na juya ga Injiniya. Na dube shi, na san kalma biyar sun ishe shi ya kashe ni a gaban 'yata. Wani ɓangare na zuciyata ma roƙonsa yake ya yi, a huta.

Ya dubi yatsunsa.

"Haka ne, Baba. Ni na saka shi a na'ura. Laifina ne."

Auta ta toshe baki da hannu ta shige ɗaki. Yaya ta miƙe da ƙyar, ta watsa min wani kallo, ta bi ta. Aka bar ni da shi, da kabad.

Na rage murya na tambaye shi.

"Me ya hana ka faɗa?"

"An ɗaure min baki, Baba."

"Wa?"

"Mama."

Na ce masa ya maimaita.

"Ta dawo shago bayan sati uku. Na fara yi mata bayanin tsohon layi, sai ta ɗaga min hannu. Ta ce, 'Ɗana, daina wahalar da bakinka, ƙarya ba ta yi maka kyau. Na je wurin Mai Katako na tambayi kuɗin kabad. Na san inda rabona yake. Yana falo, ni nake goge masa gilashi.'"

Ya ci gaba.

"Na ce bari in cire daga nawa in zuba mata. Ta ce in ta karɓi nawa ta zama ɗaya da 'yan kwamiti. Sai ta sa na yi mata alkawari biyu. Kar Auta ta ji daga bakina. Kai ma kar ka ji cewa ta sani." Ya share ido da bayan hannu. "Ta ce, 'Ka bar shi ya faɗa da kansa. Zai faɗa. Malam ba mugu ba ne, jinkiri ne da shi. Shafi ɗaya yakan kwana uku a hannunsa, amma ba ya barin kuskure ya wuce.' Yau na karya ɗaya, Baba, Allah ya yafe min. Ɗayan yana nan. Ko za ka hana ni ita, daga bakina ba za ta ji ba."

Asabar nawa ne a cikin wata shida? Na ƙirga daga baya, ashirin da shida. Sau ashirin da shida ta tsaya a gaban gilashin nan da jan ƙyalle, ina zaune taku biyu daga ita da jarida, tana gogewa a hankali tana ba ni lokaci. Ni kuwa ina ce wa kaina na iya ɓoyo.

Na ɗauko wayata. Ban taɓa goge saƙon ba. Kar ku ce tsoron Allah ne, ɗabi'ar mai gyara ce, ba ma yar da ainihin takarda.

"Auta," na kira. "Yaya, ku fito."

Suka fito, idon Auta ya yi ja. Na miƙa mata wayar. Ta karanta. Ta sake karantawa, leɓenta yana motsi.

"Arba'in da ɗaya," ta ce.

"Da katina na yi mata rajista. Rabonta wurina ya shigo, ranar da aka raba. Da shi na cika kuɗin wancan." Na nuna kabad da haɓa. "Shi ya hango tun farko, ya faɗa a gaban kwamiti, na mayar da shi abin dariya. Ya rufa min asiri shekara biyu, ni kuma na hana shi ke don kar in riƙa ganin idonsa. Kin ce laifi ɗaya. Ga shi nan, amma ba nasa ba ne."

Yaya ta yi salati ta zauna daɓas. "Kai, ƙanena. Kai, ƙanena. A kan akwatin littattafai?"

Auta ba ta yi kuka ba, da ta yi da na samu sauƙi. Ta juya ga Injiniya.

"Ta sani?"

Ya dube ni. Na gyaɗa masa kai. Shi ma ya gyaɗa mata.

Ta taka zuwa gaban kabad, ta yi ɗage, ta lalubo jan ƙyallen daga samansa, inda yake ninke tun Asabar ɗin uwarta ta ƙarshe. Ta kakkaɓe ƙurar, ta sake ninke shi, ta riƙe a ƙirji ta shige ɗaki. Ba ta buga ƙofar ba, a hankali ta tura ta.

Na ce wa Injiniya ya turo manyansa duk ranar da suka ga dama, ba zan sake mayar da kowa ba, in har yana iya haƙuri da irin surukin da zai samu. Ya ce, "Na gode, Baba," kamar wani abin kirki na yi. Na ce masa kuma ranar Asabar ya ajiye min wuri a rumfar katako. Zan karanta sharaɗi na bakwai da ƙarfi a gaban matan unguwa, in faɗi wanda ya raɗa shi da wanda ya rubuta shi da abin da aka biya marubucin. Mai Katako zai ci mutuncina, kuma ya san hanya, don shi ya sayar min da kabad.

Yau Laraba. Littattafan sun koma kwalaye. Kabad yana tsaye fanko, Mai Katako ya ce dubu huɗu zai karɓe shi, wai ya tsufa. Abinci yana zuwa kan tebur a kan lokaci, amma saƙon *Baba abincinka* bai sake shigowa ba. Jiya na ji ta tana dariya a waya da shi, ƙasa-ƙasa, da ta ji takuna sai ta yi shiru. Auren zai yiwu. Ko zan sake zama Baba a bakinta, wannan ban sani ba, kuma ba ni da bakin tambaya.

Na nemi Injiniya ya zuba ɗari biyar a layin da ya ƙare da 41. Ya ce an rufe asusun, na'ura ba ta karɓar wa mamaci.

Keken yana nan a lungun taga, an lulluɓe shi da zane. Na gyara kuskuren mutanen da ban taɓa gani ba har shekara talatin da biyu, amma jimla ɗaya ta gagare ni, wadda aka ba ni wata bakwai in gyara, mai ita tana tsaye tana jira da ƙyalle a hannu. Da safen nan, da agogo ya buga goma, na tsaya a gaban keken na faɗe ta, a inda babu kunnen da zai ji.

Ya shigo, Gwana. Tun ƙarfe goma ya shigo, yana wurina.